Kaka, Uwa da Jika: Labarin da Adar ke Bin Marubuta Bashi

Littafin Banyan Moon na Thao Thai, wanda ya fito a Amurka a 2023, ƙagaggen labari ne da ya bi kaka da uwa da jika na wani gidan 'yan Biyetnam da yaƙi ya raba da ƙasarsu suka zauna a jihar Fulorida, kuma abin da ke riƙe mai karatu shi ne yadda kowace ke ɓoye wa 'yarta wani abu da sunan kare ta. Irin wannan zubi, inda ake auna ƙaura ta bakin zuriyar mata maimakon ta bakin matafiyi, yana da kayan aikinsa jibge a Adar, a gundumomin Madawa da Buza da Kaita na jihar Tawa ta Nijar.

Bambancin shi ne a Adar galibi maza ke tafiya. Ci-rani, wato fita neman kuɗi bayan an gama girbi, wanda mutanen yankin ke kira tafiya biɗa, ya daɗe yana kwashe samari zuwa Abijan da Najeriya da Libiya, ya bar wa mata gida da yara da rumbun da ba ya kaiwa damina. A labarin Adar da ake jiran a rubuta, kakar ita ce ta ga farin 1973 da na 1984. Uwar kuwa tana cikin matan da suka yi yawancin aikin hannu a shirin farfaɗo da ƙasa na Kaita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya, suna ɗora duwatsu a ka don jera shingen tare ruwa, ana biyansu da abinci. Rahotanni sun ƙidaya itatuwan da aka dasa, amma rahoto ba ya iya faɗin abin da suruka ta gaya wa matar ɗanta a shekara ta uku da ɗaukewar saƙon maigida, ko ciniki nawa na tabarmar kaba a kasuwar Madawa ya rufa asirin gida.

Marubuta mata na Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu, sun nuna cewa Hausa na iya ɗaukar nauyin labarin cikin gida, sai dai kasuwar littattafan ta fi karkata ga aure da kishi a birni, adabin Nijar kuma, kamar Sarraounia na Abdoulaye Mamani, ya fi fitowa da Faransanci.

Jikar ce za ta fi ba marubuci wuya. An haife ta a unguwar Ajame ta Abijan, rikicin zaɓen Kwaddibuwa na 2010 zuwa 2011 ya maido ta Buza da Julanci da Faransanci a bakinta, ta tarar da kaka mai zuba Adaranci tsantsa, wadda ke tambayarta ko ta iya daka.