Ƙawaye a bakin mutuwa: Me ya sa labaran ban tsoro na 'yan mata ke tashe?

A shekarar 1954 marubucin Ingila William Golding ya fitar da Lord of the Flies, labarin yara maza da jirginsu ya faɗi a wani tsibiri, suka koma kashe juna. Shekaru da dama kusan duk labarin gwagwarmayar tsira da rai na maza ne. A finafinan ban tsoro na Amurka kuwa, akan bar yarinya ɗaya tal ta tsira bayan an hallaka duk ƙawayenta, salon da malamar jami'a Carol Clover ta yi sharhi a kai a littafinta na 1992.

Yanzu marubutan littattafan matasa sun sauya akala. Ƙawar da a da ake kashewa tun farkon labari ita ce ta zama dalilin da jaruma ke son ci gaba da rayuwa.

Babban misali shi ne Wilder Girls na Rory Power, wanda ya fito a 2019. An killace wata makarantar kwana ta 'yan mata a wani tsibiri na jihar Maine tsawon wata 18, saboda wata cuta da ta kashe yawancin malamai, ta kuma sauya halittar ɗalibai. Idon Hetty ɗaya ya rufe, Byatt ta fito da ƙashin baya na biyu, hannun Reese ya koma mai ɓawo. Hukumomi na aiko da abinci ta ruwa, tare da umarnin a jira magani. Da Byatt ta ɓace, sai Hetty ta karya dokar killacewa ta shiga dajin da kowa ke tsoro domin neman ta.

A shekarar ce kuma Kim Liggett ta fitar da The Grace Year, inda ake kora 'yan mata daji na shekara guda idan sun kai 16, bisa zargin suna da tsafin da ke ruɗar maza. Mafarauta na jiran su a waje, amma mafi munin haɗarin yana cikin sansaninsu, domin an raine su ne a kan zargin juna. Shirin talabijin na Yellowjackets, da aka fara haskawa a 2021, ya bi sawu da labarin 'yan ƙwallo mata da jirginsu ya faɗi a dajin Kanada a 1996, suka yi wata 19 a can.

Abubuwa uku ne ke riƙe mai karatu. Na farko, jiki: yarinyar da ke shiga balaga ta san yadda jiki ke sauyawa ba da izininta ba, alhali idon kowa na kanta. Na biyu, amanar manya: a waɗannan labarai malamai da hukumomi ne ke ɓoye gaskiya ko su juya baya. Na uku, ƙawance kansa. Ba a nuna shi kamar zuma zalla ba. Akwai kishi da gaba da cin amana. Tambayar da ke hana ajiye littafin ita ce: idan abinci ya rage loma ɗaya, wa za a bai wa?

Ga mai karatu a arewacin Najeriya, wannan tambaya ba tatsuniya ba ce. An sace ɗalibai 276 a Chibok a 2014, aka maimaita a Dapchi a 2018 da Jangebe a 2021. Littafin Buried Beneath the Baobab Tree na Adaobi Tricia Nwaubani, da ya fito a 2018 domin matasa, ya ginu ne kan hirarraki da waɗanda suka kuɓuta daga hannun Boko Haram, kuma ƙawance na cikin ginshiƙansa. Babu dodo a ciki, amma tsoron ya fi na dodo.

Iyayen da ke ɗari-ɗari suna da hujja. Akwai jini da azaba a waɗannan littattafai, kuma Yellowjackets, mai ɗauke da cin naman mutane, na manya ne kawai. Sai dai ƙwace waya ko littafi ba ya kawar da fargabar da ta kai yarinya gare shi. Gara uwa ko yaya ta fara dubawa, ta tantance wanda ya dace da shekarun yarinyar, sannan su tattauna: wa ya yi amana, wa ya ci ta, kuma me ya sa?

Ƙalubalen kuma na kan marubutan Hausa, waɗanda soyayya da kishiya suka mamaye alƙalumansu. 'Yan matan makarantun kwana na da labaran jarumtarsu da na ƙawayensu, kuma sun cancanci karanta su cikin harshensu.