"Ai Da Yardarta Ne" Ba Hujja Ba Ce

'Yan'uwa, akwai wata kalma da muka gaji da ji a zauren sulhu duk lokacin da wani babba ya lalata ƙaramar yarinya: "Ai da yardarta ne, har kuɗi ta karɓa." Da an faɗi haka sai dattawa su yi shiru, a ce a rufa asiri, a watse. Muna so mu sanar da ku cewa a gaban doka wannan magana ba ta da nauyin ko ƙwayar gero.

Ga yadda abin yake. Doka tana sa iyakar shekaru, ta ce wanda bai kai wannan iyaka ba, "i" ɗinsa ba "i" ba ce. Dokar Final Kod da Arewa ke aiki da ita tun 1960 ta ce a sashe na 282, wanda ya kwana da yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba ya yi fyaɗe, ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta ƙara gaba: ta ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne, hukuncin mai kwana da shi kuwa ɗaurin rai da rai. Sashe na 31 ya toshe ƙofa biyu da masu laifi suka saba bi. Ba za ka ce ta yarda ba, ba kuma za ka ce ka zaci ta girma ba. Sai dai wannan doka ba ta aiki a jiha sai jihar ta yi tata, Kano kuwa sai a 2023 Gwamna Ganduje ya sa hannu a kan Dokar Kare Yara, shekara 20 bayan ta Tarayya.

Me ya sa doka ta ƙi sauraron yardar yaro? Ku dubi 'yan matanmu masu talla a hanyar kasuwar hatsi ta Dawanau. Yarinya 'yar shekara 12 ta fito da farantin gyaɗa tun safe, ta san idan ta koma da saura za ta sha faɗa. Wani magidanci ya ce zai saye duka, ta biyo shi. To, wace yarda ke nan? Shi yana da kuɗi da wayo da girma, ita kuwa an tarbiyyantar da ita kada ta yi wa babba musu. Doka ta ga ƙarfin ba ɗaya ba ne, shi ya sa ta ɗora nauyin duka a kan babban. Kada a manta, Dokar 2003 ta haɗa da yara maza.

Ba mu ce dokokin ba su da rami ba. Final Kod ɗin nan ta cire miji daga laifin idan matarsa ta balaga, kuma sashe na 29 na Tsarin Mulkin 1999, mai magana a kan barin zama ɗan ƙasa, yana ɗaukar matar aure a matsayin babba, abin da ya jawo gardama a Majalisar Dattawa a 2013. Saboda haka ne aurar da yarinya ga wanda ya ɓata ta ya zama mafakar mai laifi. Mu ma a ikilisiyoyinmu na karkara ana yin haka don gudun kunya, kuma a ganinmu bai kamata fasto ko dattijon ikilisiya ya sa albarka a irin wannan aure ba.

Amma babban abin da ke kayar da ƙara shi ne rashin takarda. Dokar da ta dogara ga shekaru ba ta da amfani idan ba wanda zai iya nuna shekarun. Uwa ta ce an haife ta shekarar da aka yi fari, lauyan wanda ake zargi ya ce dubi jikinta, ai budurwa ce. Ku karɓo wa 'ya'yanku takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, mu kuma masu riƙe da littafin ikilisiya mu riƙa rubuta ranar haihuwa daidai, ba ranar baftisma kaɗai ba.

Idan abin ya faru, kada a yi wa yarinya wanka ko a wanke tufafinta kafin likita ya gan ta. A kai ta asibiti a ranar, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da aka keɓe don wannan. Daga nan sai ofishin 'yan sanda, kuma zumuntar mata ta ba da mutum biyu su raka uwar.