Ciniki Ba Ya Tambayar Alƙibla

Ina ƙalubalantar mai gidan hayar da zai dubi ɗalibin Kongo ya ce masa ɗaki ya ƙare, alhali ɗakin na nan a kulle, don kawai sunansa Bulus, ko don an raɗa masa cewa ɗan Shi'a ne. Hujjar irinsa ba ta wuce ɗaya ba: dukiyata ce. Gaskiya ne, sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 hannun gwamnati ya ɗaure, bai leƙa zauren kowa ba.

To amma wa ya koya mana wannan rabe-raben? Turawan mulkin mallaka ne suka bar Zagezagi a cikin ganuwa, suka ajiye baƙin Arewa a nan Tudun Wada, 'yan Kudu kuma a Sabon Gari. Mai korar ɗan haya saboda addininsa gadon Bature yake rayawa, ko da carbi a hannunsa. Manzon Allah (SAW) kuwa ya rasu sulkensa na jingine a wurin Bayahude, a kan hatsin da ya karɓa wa iyalinsa.

A 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta ba wani mai kek na Kolorado gaskiya bayan ya ƙi yin kek ɗin auren jinsi. Shi aikin ya ƙi, kuma ba zan tilasta wa marubucin allo ya rubuta abin da imaninsa ya haramta ba. Namu mai gidan fa? Ba a nemi ya canza alƙibla ba. Kuɗin shekara aka miƙa masa, aka nemi mabuɗi.