Ilmin Tsakar Gida da Hakkinsa a Kanmu

Duk wanda ya tsaya a ƙofar ɗakunan kwanan ɗalibai ranar da aka dawo daga hutu, zai ga wasu kaya da ba a ambace su cikin takardar shiga jami'a ba. Ban da akwatin tufafi da jakar littattafai, da wuya a ga ɗalibi ko ɗaliba da ba su riƙo wani ƙunshi daga gida ba, ko garin kunu, ko yajin daddawa, ko ƙuli-ƙuli, ko dambun nama, ko man shanu a kwalba. Waɗannan su ne ke rufa wa yawancinmu asiri idan wata ya yi nisa. Hannun da ya daka su kuwa, sau da yawa shi ne dai ya tara kuɗin rajista da kaɗan-kaɗan, daga cinikin waina ko ɗinkin hula ko zubin adashi.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, abin da iyayenmu mata ke yi da hannuwansu don renon 'ya'ya da gyaran gida ilmi ne cikakke, yana kuma neman suɓuce mana, kuma nauyin tsare shi da gyara shi ya rataya a wuyan waɗanda Allah ya ba su damar zuwa jami'a. Muna sane da cewa akwai masu ganin wannan batu bai kai a ɓata masa takarda a mujallar ɗalibai ba. To, su yi haƙuri su bi mu sannu a hankali.

Mu fara da daddawa. Uwa za ta ɗauki kalwa, watau ƙwayar ɗorawa, wadda taurinta ya fi ƙarfin haƙori, ta dafa ta wuni guda ko fiye, ta surfa ta a turmi har ɓawon ya fita, ta wanke, ta sake dafawa, sa'an nan ta zuba a mazubi ta rufe ruf, ta ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. Idan ta buɗe, ƙamshi da yauƙi kaɗai sun ishe ta sanin ko aiki ya yi. Abin da ke faruwa cikin wannan rufi shi ne, wasu ƙwayoyin bakteriya suna warware furotin ɗin kalwa su mai da shi abin da ciki zai iya narkarwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na daddawa furotin ne, saboda haka a gidan da nama sai ranar kasuwa ko ranar salla, ita ce ke cike wani ɓangare na gurbinsa a cikin miya. Ɗalibin kimiyya yakan kai aji biyu ko uku kafin a koya masa wannan a ɗakin gwaje-gwaje, alhali kuwa kakarsa tana sarrafa shi ba ma'aunin zafi, ba agogo.

Haka kuma kunu. Jiƙa gero da barin gasara ta yi ɗan tsami suna rage wani sinadari da ke cikin hatsi wanda yake hana jiki cin moriyar ƙarfen da ke gina jini. Mai kunun zaƙi kuwa da take niƙa busasshen dankali ko tsiron hatsi ta zuba cikin damammen kunu ta bar shi ya kwana, tana amfani ne da wani sinadari da ke mai da sitaci sukari, shi ya sa kunun ke tsinkewa ya yi zaƙi. Wannan dabara tana da muhimmanci ƙwarai ga yaron da ake yaye, domin cikinsa ƙarami ne, yana bukatar abinci mai ruwa-ruwa amma mai ƙarfi. Idan aka haɗa gero da gyaɗa ko wake, abin da ɗaya ya rasa na gina jiki sai ɗaya ya kawo. Mu ƙara da sabulun salo da ake haɗawa daga ruwan toka da mai, da makuba da ake jiƙawa daga kwasfar ɗorawa a yayyafa wa daɓe don ya yi ƙarfi, da randar ƙasa mai sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo. Kowanne daga cikinsu darasi ne da za a iya tsayawa gaban allo a karantar.

Ta fuskar tarbiyya ma haka abin yake. Tsakar gida ita ce makarantar farko, kayan karatunta kuwa ba a sayo su daga kanti. Uwa takan naɗa wa 'yarta 'yar tsana da ƙashi ko kara da ƙyallayen da suka rage wajen ɗinki, ta ba ta 'yan gwangwanaye da marafai ta yi tuwon ƙasa, har yara su shirya bikin 'yar tsana da gara da rakiya, suna koyon zaman duniya cikin wasa. Yaro kuma ya sami karan dawa ya feƙe ɓawonsa, ya sossoke shi cikin totuwa ya ƙera mota ko jirgi, ko ya kwaɓa yumɓu ya gina shanu da raƙuma. A 'yar carafke ake koyon ƙirga da saurin hannu, a kacici-kacici ake wasa ƙwaƙwalwa, a tatsuniyar dare ake koyon jera magana. Yarinyar da ke zaune gefen uwarta tana miƙa mata kaba ko ciyawar saƙa, tana ganin yadda ake jera launi a faifai, ta fara lissafi da zane tun ba ta riƙe fensir ba. Muhimmin abu a nan shi ne, yaron da ya ƙera abin wasansa ya san cewa abu ƙera shi ake yi, idan ya lalace kuma gyara shi ake yi. Wanda aka saba miƙa wa motar roba kuwa, idan ta karye sai kuka da jiran wata.

Abin mamaki, baƙi sun riga mu lura da darajar wannan fage. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata dattijuwa a ƙasar Zazzau tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba ta Karo, har yau kuma masu nazarin rayuwar matan Hausa ba su da madogara da ta fi shi. Wata masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta kuma yi rubutu a 1969 a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki, watau hada-hadar da matan aure ke yi daga cikin gidajensu, ta hatsi da man gyaɗa da dafaffen abinci, wadda mai wucewa ta kan hanya ba ya gani. Kada kuma a ɗauka wannan ilmi a daskare yake. Kakanninmu ba su san awara ba. Da waken suya ya yaɗu a ƙasar nan, matan gida ne suka karɓi dabarar, suka gane cewa ruwan tsamin gasara ko na tsamiya zai daskarar da madararsa, yau ga shi awara ta zama abincin kowane lungu.

To, ina matsalar take? Irin wannan sani daga hannu zuwa hannu yake tafiya, ba shi da littafi. Muddin aka sami tsara ɗaya da ba ta karɓa ba, ya tafi ke nan. Mazari da abawa sun kusa zama labari a birane. Dunƙulen magi ya ture daddawa daga tukwane da yawa, taliyar leda da biskit da lemon kwalba suna ture ɗanwake da dakuwa da kunun tsamiya daga hannun yara, faifan roba ya maye gurbin na saƙa. Akwai 'yan boko da ke ganin wayewa ita ce a ce 'yarsu ba ta taɓa riƙe taɓarya ba. Sakamakon haka, gidan da a da yake sarrafa rabin bukatunsa, yau kome sai ya saya, a lokacin da kuɗi ke ƙara rasa daraja. Wanda ya fi shan wahalar wannan canji shi ne ƙaramin yaro.

Ga misali da ya kamata ya hana mu barci. Abincin da ake ba yaran da tamowa ta kama a cibiyoyin lafiya na Arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, wanda ake kira Plumpy'Nut, an ƙirƙiro shi ne a Faransa a 1996, ya kuma yi suna a lokacin yunwar Nijar ta 2005. Tushensa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madarar gari da mai da sukari, da ƙarin sinadaran gina jiki. Magani ne, ya ceci rayuka masu yawa, ba ma kuma cewa kunun gida zai maye gurbinsa ga yaron da ciwo ya riga ya kayar. Amma tilas mu tambayi kanmu, yaya aka yi ƙasar da ta tara dalar gyaɗa a Kano, wadda matanta suka ƙware a kunun gyaɗa da tunkuza da ƙuli-ƙuli, ta zauna har wasu suka auna gyaɗar suka ƙulla ta a leda suka kawo mata? Bambancinmu da su shi ne, su sun gwada, sun auna, sun rubuta.

Wani zai ce muna yabon gargajiya ne ido rufe. Ko kusa. Akwai abubuwan tsakar gida da ya wajaba a bari. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun nuna alaƙa tsakanin ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa haɗe da tsananin zafin wankan jego. Zubar da dakashi, watau nonon farko, hasara ce babba ga jariri, domin a cikinsa rigakafinsa na farko yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla wata shida, ba ruwa ba jiƙo. Gyaɗar da ta yi hunhuna tana ɗauke da guba mai lahani ga hanta, suya kuma ba ta kawar da ita. Sa'an nan ga babbar magana, watau talla. Sana'ar uwa da ke cikin gida takan dogara ga ƙafar 'yarta, yarinya kuwa ba za ta kasance a aji da bakin tasha a lokaci guda ba. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda zai iya tace mai kyau daga maras kyau shi ne wanda ya san abin daga ciki, ya kuma sami ilmin zamani. Idan ba mu ba, su wane ne?

An taɓa gwadawa, an kuma ga amfani. Malam Muhammad Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa da ya fito daga gidan maginan tukwane, ya ɗauki hikimar randa ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Kayan lambun da ke ruɓewa cikin kwana uku sai ga shi suna kai makonni, ba wutar lantarki. Wannan ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, kuma daga cikin amfanin da aka ambata har da sauƙaƙa wa 'yan mata tilascin fita talla kullum don gudun kaya su lalace. Haka nan Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, a gida ta koyi ginin tukwane wurin 'yar uwar iyayenta, ba ta yi karatun boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Ashe ƙofar da ke tsakanin tsakar gida da jami'a ba a kulle take ba, masu bi ne suka yi ƙaranci.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da 'yan uwa baki ɗaya da a ɗauki waɗannan matakai. Na farko, a dogon hutu mai zuwa kowane ɗalibi, namiji da mace, ya zauna gaban mahaifiyarsa ko kakarsa ko gwaggonsa da ladabi, ya ce, "Inna, koya mini," ya rubuta sana'a ɗaya ko girki ɗaya ko wasan yara ɗaya da Hausa, dalla-dalla, da mudu nawa, da ludayi nawa, da kwana nawa, da sunan garin, da sunan mai ilmin idan ta yarda. Wayar da ke aljihunmu ta isa ɗaukar murya da hoto. Ƙungiya ta tattara, ta tace, ta buga.

Na biyu, masu shirin rubuta kundin kammala digiri a sassan kimiyya da aikin gona da likitanci da koyarwa da tattalin arziki su waiwayi gida wajen zaɓen batu. Yaya za a adana garin kunun yara ya daɗe bai lalace ba? Wace hanya ce mai araha ta busar da gyaɗa? Wane murhu ne zai rage wa mai tuyar ƙosai hayaƙi da itace? Sakamakon kuma a mayar wa masu shi da harshen da suke ji, kada ya ƙare a kan kantar laburare.

Na uku, kantunan da ke ƙarƙashin ƙungiya su riƙa sarin kaya kai tsaye daga matan unguwannin da ke kewaye da mu, bisa sharaɗin tsabta, da sharaɗin cewa ba yarinyar da za ta kawo kaya a lokacin makaranta. Na huɗu, a makon al'adu a daina tsayawa ga rawa da kwalliya kaɗai. A gayyato iyayen nan a shimfiɗa musu tabarmar malamai, a biya su ladan koyarwa kamar yadda ake biyan kowane baƙon malami.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tsofaffin da ke riƙe da wannan sani suna raguwa kowace shekara, ba kuma za su jira mu gama digiri ba. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya kuma ba mu ikon sauke hakkinsu, amin.