Jinjina ga Masu Littattafan Yaƙi, Amma da Sauran Aiki a Dutsen Habude

Muna yara a Kwandiko, littafin yaƙi ɗaya kan zaga unguwa har bangonsa ya fita, a ɗinke shi da zare a ci gaba. Wani yayanmu ne ke karɓo haya idan ya shiga Birnin Kudu, kuma sharaɗinsa ɗaya ne: wanda ya fi iya karatu shi zai riƙe littafin, sauran mu zauna mu kasa kunne. Saboda son riƙe littafin nan na dage na iya haɗa baƙi, ba don tsoron bulalar malamin Hausa ba. Na san ire-irena suna da yawa daga Sara har Basirka.

Don haka jinjinata ta farko ga Malam Abdul'aziz Sani Madakin Gini da sauran marubutan littattafan yaƙi da jarumta. An daɗe ana yi musu kallon hadarin kaji, ana cewa ai tatsuniya ce kawai, ƙarya ce tsagwaronta. To, a lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, samari da yawa suka ɗauka karatun Hausa na mata ne, waɗannan bayin Allah ne suka riƙe yara maza a kan takarda. Sun raya kalmomin da suka kama hanyar ɓata: sulke, kwalkwali, lifidi, kansakali, tsitaka, barde, sadauki. Yaron da bai taɓa ganin hawan salla a birni ba ya san mene ne garkuwa. Yau ma direba na tuƙi yana sauraron labaransu a waya, tela na ɗinki yana bin yadda jarumi zai kuɓuta daga hannun ifiritu. Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Kuma ba daga sama suka faɗo ba. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Daga baya Ahmadu Ingawa ya ɗauko jarumin Rasha ya sa masa rawani, ya zama Iliya Ɗan Maiƙarfi, birnin Kiev ya koma Kib, sarkinsa ya koma Waldima. Aron duniyar wasu a gina labari tsohuwar sana'a ce a wurinmu, ba kuma abin kunya ba ne.

Abin da ke damuna shi ne aron ya zama gado. Buɗe littafin yaƙi goma, tara a cikinsu a Misra suke, ko Bagadaza, ko Farisa, ko Hindu, ko birnin Sin. Ita ma Misrar ba Misra ba ce, suna ne kawai aka liƙa wa birnin da ba shi da kasuwa, ba shi da damina, ba a san abin da mutanensa ke ci ba. Sarki da gimbiya da boka da dakaru dubu ɗari, shi ke nan. Ina tambayar kaina: wa ke noma wa dakarun nan hatsi? Wa ke yi wa dawakinsu ingirici? Ganɗoki ya fi su wayo a nan, domin ya fara ne da ƙafarsa a ƙasa, a yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Turawa, sai da mai karatu ya yarda da shi sannan ya ɗauke shi zuwa ƙasar aljannu.

Ga shi kuwa kayan aiki na zube a ƙofar gidanmu. A Birnin Kudu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, inda mutanen da suka rigaye mu suka zana dabbobi a jikin dutse. Cikin zanen har da shanu marasa tozo, alhali shanun da Fulaninmu ke kora yau duk masu tozo ne. Su wane ne suka yi kiwon waɗancan? Ina suka tafi? A nan ne kuma a 1955 Bernard Fagg, Baturen nan mai binciken kayan tarihi, ya rubuta bayanin duwatsun da ke amo kamar kuge idan an ƙwanƙwasa su, abin da yaran garin suka riga shi sani. Dutse mai kiɗa, da garken shanun da suka ɓace daga yankin suka bar hotonsu a kogo: wane marubucin tsatsuba ne zai ce yana neman abin da ya fi wannan a Bagadaza?

In yaƙi ake so, shi ma ba sai an yi nisa ba. Wajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda rigimar haraji, ya shige duwatsun Ningi, kuma ana ba da labarin cewa da abubuwan al'ajabi ya ja hankalin mutanen dutse suka bi shi. Daga nan aka shafe shekaru fiye da hamsin Ningawa na kai hari kudancin Kano, zamanin shugabanninsu su Ɗan Maje har zuwa Ɗan Yaya, sai zuwan Turawa a 1902. Gwaram da Birnin Kudu a bakin iyakar suke. Ga mahaya masu lifidi da ba sa iya hawa dutse, ga maharba masu kibiya mai dafi da ba sa son fili. Ga layar zana, ga baduhu, ga maganin ƙarfe, sihirin da mai karatu ya ji a bakin kakarsa, ba zoben aljani na aro ba.

Sai dai a nan ne aikin ke da nauyi. A littattafan da muka saba, abokan gaba ba su da fuska: matsafa ne masu cin naman mutane, a karkashe su a wuce. Idan a ƙirƙirarriyar Farisa ne, babu wanda zai yi ƙorafi. Amma wanda zai gina labari a kan duwatsun Ningi ya sani Warjawa da Butawa da Fa'awa suna nan da ransu, muna cin kasuwa ɗaya da su, an yi auratayya. Su ma kakanninsu an kama su bayi, su ma suna da nasu gefen labarin. Marubucin da ya mayar da su dodanni don jaruminsa ya yi fice ya ci amanar maƙwabtaka. Ya sauya sunaye in ya ga dama, amma ya bar wa kowane ɓangare hankalinsa da dalilinsa.

Mun ɗanɗana irin wannan a kanmu. Fim ɗin Amina da aka sa a Netflix a 2021 ya ɗauki sarauniyar Zazzau ya sa mata Turanci a baki, Hausawa da yawa suka kalla ba su ga kansu a ciki ba. Wakanda ta fim ɗin Black Panther kuwa ta haɗa harshen Xhosa da bargon Lesotho a ƙasa ɗaya, duniya ta tafa. In ba mu gina tamu da saninmu ba, wani zai gina mana da jahilcinsa.

Malam Abdul'aziz, da ku matasan da ke rubutu a waya yanzu, daga Kano zuwa Birnin Kudu tafiyar sa'o'i biyu ce a hanyar Maiduguri. Ku zo ku ƙwanƙwasa dutsen nan da hannunku, ku ƙaraso Gwaram ku zauna da tsofaffi tun suna da sauran ƙarfin ba da labari.