Butar Moka: Ba Ta Neman Lantarki, Hankalinka Take Nema

A watan Fabrairun 2016, a wata coci da ke arewacin Italiya, aka yi jana'izar wani dattijo mai shekara 93, Renato Bialetti. An ƙona gawarsa kamar yadda wasu mutanen can suke yi, sai 'ya'yansa suka zuba tokar cikin wata babbar butar dafa gahawa mai kusurwa takwas, aka ajiye ta gaban limamin coci. A wurinmu wannan baƙon abu ne ƙwarai. Italiyawa kuwa sun fahimci saƙon nan take, domin wannan butar, wadda suke kira moka, ita ce aikin rayuwar mamacin, kuma da wuya ka shiga ɗakin girki a ƙasar ka rasa ta.

Ra'ayina shi ne: duk wanda ya gaji da gahawar gwangwani, yake son ya sha ta gaske a gidansa, wannan ƙaramar buta ta fi masa injin zamani mai tsada. Arahar kuɗinta tana cikin dalilai, amma babban dalilina shi ne mai ita yana iya fahimtar aikinta gaba ɗaya, ya gyara ta da hannunsa, ya kuma zaɓi abin da zai zuba mata.

Daga Mokha zuwa ɗakin girki

Mahaifin Renato, Alfonso Bialetti, shi ne ya fito da butar a 1933. Ya yi shekaru yana aikin alminiyam a Faransa kafin ya koma gida ya buɗe maƙera a Crusinallo, a yankin Piemonte. Ana ba da labarin cewa ya ɗauko dabarar ne daga wata tukunyar wanki ta matan garin, wadda ruwan sabulu ke hawa ta bututun da ke tsakiyarta idan ya yi zafi, ya zubo kan tufafi. A lokacin, gahawa mai ƙarfi abin shagunan gari ce, inda ake da manyan injuna. Butar ta kai ta gida. Renato ne ya yaɗa ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta hanyar talla, kuma zanen ɗan mutum mai gashin baki da ke jikinta hotonsa ne.

Sunan kuwa ba na Italiya ba ne. Mokha tashar jiragen ruwa ce a Yemen, a gaɓar Bahar Maliya, inda aka daɗe ana fitar da gahawa zuwa duniya. Asalin itacen daga Habasha yake, kuma a ƙarni na 15 Sufayen Yemen suna shan ta don su raya dare da zikiri. Kalmarmu ta gahawa daga Larabci muka aro ta, haka ma finjali. Hausawan Sudan har gobe suna zama a kan jabana. Ashe abin da Baturen Italiya ya ƙera wa buta ya biyo ta hanyar da muka sani tun kafin ya isa gare shi.

Abin da ke faruwa a cikinta

Butar gida uku ce. Na ƙasa shi ne tukunyar ruwa. Na tsakiya mazurari ne mai rariya, inda ake zuba garin gahawa, bakinsa yana nutse cikin ruwan. Na sama shi ne inda gahawar take taruwa, da ɗan bututu a tsaye a tsakiyarsa. Ana murɗa sama da ƙasa su haɗu, wata roba mai zagaye ta toshe tsakaninsu.

Idan aka ɗora ta a wuta, iska da tururin da ke saman ruwan sukan faɗaɗa, su rasa mafita, su danna ruwan ƙasa. Hanya ɗaya ta rage masa: ya hau ta bakin mazurari, ya ratsa garin gahawa, ya bi bututu ya zubo a sama. Aikin ke nan, ba famfo, ba waya.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure. 'Yan kasuwa suna sayar da ita da sunan butar esfireso, alhali abin da take fitarwa ba esfireso ba ne. Injin esfireso yana tura ruwa da matsin da ya kai kusan ninki tara na matsin iskar da ke kewaye da mu. Na moka bai wuce ninki ɗaya zuwa biyu ba. Saboda haka ba za ka ga kumfar nan mai kauri da ke saman esfireso ba. Za ka sami gahawa mai ƙarfi da jiki, wadda ta fi wadda ake tacewa da takarda kauri, kuma tana ɗaukar madara sosai. Wanda ya saye ta yana jiran abin da ake ba shi a shagon filin jirgi, shi ya yaudari kansa.

Ɗacin da ake zarginta da shi

Ƙorafin da aka fi yi a kanta shi ne ɗaci da warin ƙuna. Ni ma na yi wannan ƙorafi. Makon farko da na same ta, nakan buɗe gas har ƙarshe saboda ina sauri, in tafi neman takalmi, in dawo in tarar tana huci tana fesawa. Abin da nake sha kamar ruwan maɗaci yake. Na kusa jefa ta bayan kabad kafin in gane laifin nawa ne. Sauri ya haifi nawa.

Dalilin ɗacin a fili yake. Ruwan da ya fara hawowa bai kai ga tafasa ba, kuma shi ne yake ɗauko ƙanshi da daɗi. Yayin da ruwan ƙasa ya ragu har ya sauka ƙasa da bakin mazurari, tururi mai tsananin zafi ne yake biyo baya, shi ne kuma yake tatso ɗacin. Wannan gurnani da mutane suke ɗauka alamar an gama, a gaskiya alama ce ta an fara ɓata aiki.

Ƙa'idojin kaɗan ne. A zuba ruwa ya tsaya ƙasa da ɗan bawul ɗin da ke gefen tukunya, domin shi ne mafitar tururi idan hanya ta toshe. Rufe shi da ruwa hatsari ne. A cika mazurari da gari, a share samansa ya daidaita, kada a danna shi. Niƙan ya zama kamar gishiri mai laushi, kada ya kai laushin fulawa, don gari mai laushi sosai yana toshe rariya. Wuta ta zama matsakaiciya, harshenta kada ya wuce gindin butar, in ba haka ba marikin zai narke. A bar murfi a buɗe a riƙa kallo: da farko gahawar takan fito baƙa tana gangarowa a hankali, daga nan launinta ya fara haske. Da zarar an ji gurnanin farko, a sauke, a sa gindin a ruwan sanyi. Wanda ya fara da ruwan zafi zai rage lokacin da garin ke gasuwa a kan wuta, sai dai ya riƙe tukunyar da tsumma wajen murɗawa.

Abin da take hana a yi maka

Ga inda maganar ta wuce ɗanɗano. Tun 1986, lokacin da Nestlé ya fito da Nespresso, injunan kwanso suka fara yaɗuwa: ka sa ɗan kwanson gahawa, ka danna maɓalli. Suna da sauƙi, kuma ɗanɗanonsu ba ya canzawa. Amma wanda ya sayi irin wannan inji ya ɗaure kansa da sayen kwanso muddin yana amfani da shi. A garuruwanmu kwanson daga waje yake zuwa, farashinsa yana bin dala, injin yana jiran wuta, idan kuma ya lalace mai gyara sai an tona. Na san ofishin da injinsu ya koma wurin ajiye takardu saboda kwanso ya yanke.

Moka ba ta da wannan igiya. Tana aiki a kan gas, da risho, har da kurfoti idan garwashin ya kwanta. Abin da yake lalacewa a jikinta roba ce, kuma ana canza ta cikin minti ɗaya. Kowace gahawa ka zuba mata za ta karɓa, ta Habasha ce ko ta Kamaru ko wadda ake nomawa a tsaunin Mambila a jihar Taraba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Manomin Mambila ba shi da hanyar shiga kwanson kamfanin waje, amma yana da hanyar shiga mazurarin butarka.

Inda take da rauni

Adalci ya sa a faɗi aibinta. Ƙarama ce: abin da suke kira kofi uku finjali uku ne, wanda da ƙyar zai cika rabin kofin shayi, kuma ba a dafa rabin awo a cikinta, sai an cika. Gidan da baƙi ba sa yankewa zai wahala da ita. Ta alminiyam ba ta aiki a kan murhun lantarki mai maganaɗisu. Tana son a wanke ta da ruwa a shanya ta bayan kowane amfani. Samun 'ya'yan gahawa masu kyau da niƙa su daidai ya fi sayen butar wuya. Sannan gahawarta tana da ƙarfi, mai hawan jini ko mai juna biyu ya tuntuɓi likita game da yawan abin da zai sha.

Babban abin da take nema shi ne minti biyar na tsayuwa a kanta. Wasu za su ce ba su da su, kuma da safiyar Litinin ina fahimtarsu. Amma mu mutane ne da suka san zaman shayin Buzaye, inda ake jiran ƙaramar buta a kan garwashi har zagaye uku ba wanda ya ce an ɓata masa lokaci. Wanda ya iya wancan jira zai iya wannan. Ka ajiye waya, ka rage wuta, ka bar murfin a buɗe. Idan ka ji gurnanin farko, ka sauke.