Tarbiyya Ba Ta Tare Harsashi



Duk ranar da aka ce wani ya buɗe wuta a makaranta a Amurka, sai mu cika shafuka da magana ɗaya: ai rashin tarbiyya ne, mutane ne da suka rabu da Allah. Wannan ragwancin alƙalami ne, kuma ya ishe ni.

In rashin tarbiyya ne, su Turawan Birtaniya waliyyai ne? A 1996 wani ya shiga firamare a garin Dunblane ya harbe yara 16 da malamarsu. Shekara na zagayowa majalisa ta haramta wa mutane ajiye ƙananan bindigogi, kuma har yau ba a sake irin wannan ba. A Amurka kuwa mallakar bindiga haƙƙi ne a tsarin mulki. Wanda ya kashe yara 19 a Uvalde a 2022, daga cika shekara 18 ya je kanti ya sayi tasa, kamar mai sayen taki a kasuwar Funtuwa.

To mu masu tarbiyya fa? A Fabrairun 2014 an kashe ɗalibai da dama a kwalejin tarayya ta Buni Yadi cikin dare. Ranar 11 ga Disamba 2020, a nan Ƙanƙara, bayan Malumfashi kaɗan, 'yan bindiga suka zo a kan babura suka kora 'yan makarantar kimiyya cikin daji kamar awaki. 344 aka dawo da su. Wata uku bai cika ba aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe. Na yarda, namu da nasu ba ɗaya ba ne: can mutum guda ne da zafin zuciya, nan sana'a ce ta kuɗin fansa. Amma duka biyun sai da makami ya yi arha.

A 2021 gwamnatin Katsina ta katse layin waya, ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe kasuwannin shanu. Manomi ya sha wuya, harsashi bai daina shiga daji ba.

Ku duba labaranmu. Ɗan ta'adda yakan fito da bindigarsa kamar da ita aka haife shi. Wa ya kawo ta? Shanu nawa aka biya? Shingen bincike nawa ta wuce, a ƙarƙashin buhun me? Na karanta labaran garkuwa da yawa a wannan zaure, ko ɗaya ban ga dillalin makamai a ciki ba.